Hannun da Na Karya a Bakin Telwa

Bana ruwa ya yi wa Agadas kirki. Tun farkon damina hadari ke taruwa bisa duwatsun Abzin, Telwa, rafin da ke bi ta gefen gari, ta zo har sau uku, gari duk ƙanshin ɗanyar laka. Mutane na ta murna, ni kuwa ƙanshin nan tayar mini da zuciya yake yi, don haka gari ya yi a shekarar da na rasa maigidana. Da abin ya tsaya ga ƙanshi da na haɗiye, yadda na saba haɗiyewa shekara talatin da 'yan kai. Sai ga Talle ya shigo mini gida da gatari.

Talle ɗana ne, shi kaɗai Allah ya ba ni. Sunansa na yanka ba ya fita bakina, ga shi ɗan fari, ga shi sunan ubansa aka mayar masa. Ya yi tuƙin mota hanyar Dirku har hanyar ta lalace, ya tafi haƙar zinariya can cikin hamada, ya dawo mini da tari da bargo ɗaya. Bana wani proje ya zo da kuɗin koyar da sabbin manoma, irin su Talle da hanya ta watsar. Wata uku ana koya musu yadda ake raya matacciyar ƙasa, ana ciyar da su da rana, a ƙarshe a yanka wa kowa garka, wato lambu, a haɗa masa da pel na kwasar ƙasa da burweti na turawa da injin ruwa mai aiki da hasken rana. Ƙato mai furfura a gemu ya koma ɗan lakwal, ɗan boko sosai, da kaye na rubutu a ciki da bik na rubutawa. Kullum da la'asar sai ya zauna ya buɗe kayen nan yana karanta mini noma, ni da aka yanke wa cibiya a bakin gona.

"Inna, kin san ƙasa rai gare ta? Madam mai koya mana ta ce ba a barinta tsirara. A rufe ta da kara, a ba ta taki, a haƙa mata rami mai siffar rabin wata ta tare ruwa."

"Madam ɗin ta taɓa riƙe hauya?"

"Ta dai hi ki riƙe littahi."

Haka muke yi, in tsokane shi ya rama. Amma ranar Laraba da aka raba musu filaye ya dawo fuska a ɗaure. Nasa ya faɗo a bakin kori, wato rafin yashin da ruwan duwatsu ke bi, kuma kurmin kaba ya cinye masa wajen kashi ɗaya cikin uku.

"Wai kada kowa ya taɓa kututture ko ɗaya," in ji shi. "A rage rassa kawai a bar uwar. To, proje ƙarewa zai yi, Madam ta koma Yamai, garka kuwa tawa ce. Ran Juma'a ba ta zuwa. Kahin ta dawo na share wurin tas, albasa zan zuba."

Ya jingine gatarin da ya aro a bakin ƙofata ya shiga wanka. Ni kuwa na zauna ina kallon gatarin. Abin da Talle ya sani game da ubansa bai wuce wannan ba: ruwa ya ci shi. Ni na tsara masa haka tun yana goye. Ba ƙarya ba ce, rabi ce, kuma sauran rabin in ya ji ban san da wane ido zai ƙara kallona ba.

Mu mutanen ƙasar Dakoro ne. Fari ya yi mana shekara biyu a jere, muka sayar da awaki, muka sayar da kwallayen aurena, har ƙyauren ɗaki. Da ba sauran abin sayarwa muka hau bisa buhuna a bayan wata babbar mota muka yo arewa. A Agadas maigidana ya yi dako a tasha, muna kwana a rumfar wani mai gawayi, har muka ji labarin hukuma da wasu Nasara na yanka wa waɗanda yunwa ta koro filaye a bakin Telwa. Suka ba mu gatari da hauya da igiya da iri. Wanda zai zaunar da mu ya ce ga halin ƙasar nan, shi ne ba su ba mu ba. Duk sati wani mutum kan zo da doguwar igiya ya auna inda ka share, gwargwadonsa a ba ka jar dawa da ɗan mai. Wanda ya share da yawa ya ci da yawa.

Telwa a idonmu yashi ce kawai, mai faɗi, raƙuma na ratsawa. Da aka ce wa maigidana kogi ce sai ya yi dariya. A garinmu ruwa daga sama yake zuwa. Ka ga hadari, ka ji iska, ka kwashe shanya ka shiga ɗaki. Ba mu san akwai ƙasar da ruwa ke zuwa ta gefe ba.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne Ba'abzine, Agali, dogo busasshe, da baƙin rawani na shuni wanda ya rina masa goshi da yatsu. Mazansu ba sa buɗe fuska gaban mutane, ko shayi zai sha ta ƙarƙashin amawali yake kai kofi. Wata huɗu muna zaune da shi, idanunsa kaɗai na sani. Garkarsa kuwa abin kallo, dabino da alkama da albasa, amma ta gefen kori ya bar wani kurmi na kaba da bagaruwa da magarya, a cunkushe, ba kyan gani. Na ce wa maigidana tsohon nan dai rago ne, dubi yadda daji ke cin gonarsa yana kallo.

Ragon nan shi ya taka filinmu ya nuna inda za a haƙa rijiya. Shi ya tara mana masu garka huɗu aka yi gayya, kwana shida, abin da na iya ba su ruwan jar dawa ne tsararo, suka sha ba wanda ya yamutsa fuska. Shi kuma ya kafa mana takarkart, abin jan ruwansu: itatuwa biyu a bakin rijiya da gugar fata mai dogon baki, sa ya ja ya gangara, guga ta fito ta juye kanta, ruwa ya bi hanya zuwa fangali. Sa ba mu da shi. Kullum da azahar in ya gama ban-ruwansa sai ya koro mana nasa.

Yininmu a jere yake. Da assalatu maigidana ya fita sara tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Ni in tsiyaye ruwan anza in zuba sabo, don 'ya'yan anza ɗacin tsiya gare su, sai sun kwana uku a ruwa suke ciwuwa, ko a haka ma suna ci maka ciki. Da hantsi in tsince jar dawa in raba biyu, rabi na yau rabi na gobe, in kare na goben da jikina kada idona ya koma kansa. Da azahar shi yana kora sa, ni ina buɗe fangali ina toshewa da ƙafa, ga cikin Talle ya fara nauyi. Zafin bazarar Agadas ba irin namu ba ne. Namu da gumi yake zuwa, wannan kuwa busar da mutum yake yi, sai dai ka shafa goshi ka ji gishiri. Ƙarfen gatari in ya yi ɗan jim a rana ba ya taɓuwa. Leɓe ya tsattsage, in ka yi dariya jini ya fito, to da ma dariyar ba yawa.

Tsakanin awo da awo goruba ce ta riƙe mu. A bakin filinmu ma akwai irin kurmin nan na Agali, dogayen goruba uku, sauran duk kaba, wato gorubar da ba ta tashi ba. In tsinto 'ya'yan, in daka ɓawon a turmi, in dama da ruwa mu sha mu ɗaure ciki.

Tsakiyar bazara muka gama share cikin fili, ya rage kurmin nan kaɗai. Mai igiya ya zo ya duba, ya ce ba sabon wuri, ba awo. Satin nan anza da goruba muka ci zalla, har na fara ganin duhu in na miƙe tsaye. Washegari maigidana ya wasa gatari.

Agali ya ji sara ya zo da butar shayinsa, ya hura gawayi, sai da aka sha na farko sannan ya yi magana.

"Sallau, wancan ba daji ba ne, ganuwa ce. Saiwarta ta hi tsayin mutum uku a ƙasa. Ita ke riƙe da wurin da kake zaune."

"To, Baba," in ji maigidana.

Mutum ne mai kunya, kuma da an bar shi da ya bari. Ni ce ban bar shi ba. Ni mace ce mai zafin kai tun ina budurwa, yunwa kuma ta ƙara mini. Tsoho na juya baya na hau shi da faɗa. Na ce a garinmu in aka ga kututture a gonar namiji har waƙa 'yan mata ke yi masa a dandali. Na ce shi Agali da alkama a buhu da dabino a sama, mu mi gare mu? Na ce kogin da ba ruwa shi kake tsoro, ɗanka na mutuwa a cikina? Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa namiji. Ni na zuga shi, yau na faɗa da bakina.

Kwana goma yana sara. Bagaruwa ta faɗi, magarya ta faɗi, gorubar nan uku da suka ciyar da mu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na girgiza. Kaba kuwa sara ba ya kashe ta, sai muka yi mata irin ta mutanen kudu: a tara ƙirare bisa gindi a cinna wuta, in ta huce a tono saiwa. Ni nake tara ƙiraren. Hayaƙi ya rufe garkunan mutane, ba wanda ya tanka, sai dai gaisuwa ta gajarce.

Ranar ƙarshe saura gindi ɗaya, mafi girma, a kan iyakarmu da Agali, daidai inda kori ya yi gwiwa. Ina bakin bukka ina dakan goruba na hango tsohon ya tsallako shinge. Ya tattake wutar da takalmansa, ya hau bisa gindin kabar ya zauna.

"Baba, tashi," in ji maigidana.

"Wagga ba taka ba ce kai kaɗai. In ta tahi, da kai da ni da na ƙasa da mu duk mun tahi."

"Baba, don Allah tashi. Matata ba ta ci komi ba."

"Zo ka ɗibi alkama wurina. Amma wagga, sai ka sare ni tukuna."

Alkamar nan da ya ambata ita ta ɓata wa maigidana rai, don ya ji kamar bara aka ce ya yi. Ya kama rigar tsoho zai ɗaga shi, tsoho ya damƙi ƙotar gatari. Suka kama kokawa cikin toka, wannan ya ja wannan ya ja. Agali busasshe ne amma hannunsa ƙarfe ne. Cikin ja-in-ja bayan gatari ya sami maigidana a gira, fata ta tsage, jini ya wanke masa fuska har bai gani.

Jinin nan na gani. Ban san lokacin da na iso ba, taɓarya na hannuna. Agali ya miƙe hannun dama yana riƙe da ƙota, yana cewa, "Tsaya, Sallau, ka ji ciwo." Na ɗaga taɓarya da hannu biyu yadda nake yi wa turmi, na sauke masa ita ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Ƙarar da ta fito irin ta busasshen kara ce in ka taka shi. Hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa.

Bai yi ihu ba. Ya zauna cikin toka, abin da ya fara yi da hannun hagu shi ne gyara amawalinsa da ya zame. Ya dubi fuskata, ya dubi cikina, ya ce, "Allah ya sauke ki lahiya, ɗiyata."

Kafin mu ankara masu garka sun cika wurin da sanduna, wani har da takobi. Mace mai ciki ba su taɓa ni ba, kan maigidana suka huce. Suka kai shi ƙasa suna jibga, a baya, a haƙarƙari, a ka, ina kururuwa ina jifansu da ƙasa. Agali ne ya taso da hannu yana reto, ya tsaya bisa kansa ya yi musu tsawa da harshensu, suka ja da baya. Bai kai mu wurin jandarma ba, bai kai mu wurin sarki ba. Mu kuwa da la'asar, maigidana na tofar da jini, muka sake cinna wa gindin wuta don kada a ce mun ji tsoro. Mai igiya ya zo ya auna, ya yaba, ya cika mana buhu. Tuwon ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Daga ranar sa bai ƙara zuwa ba. Ba Agali ya hana ba, danginsa suka ɗaure shi. Masararmu ta kai gwiwa, in ta kwana biyu ba ruwa ta mutu. Sai maigidana ya rataya igiyar guga a kafaɗa ya zama shi ne san. Ya gangara ya hauro, ya gangara ya hauro, daga azahar har rana ta yi ja. Igiya ta ci masa kafaɗa, na naɗa masa tsumma, ta cinye tsumman ta kai ga nama. Ƙudaje na binsa. Da yamma in gasa masa da ruwan zafi yana cije haƙora, bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Ta cikin shinge nakan hango Agali da hannu ɗaure da karare a rataye a wuya, yana buɗe fangali da ƙafa. Filinmu kuwa fes, daga bukka har yashin kori ba abin da zai tare maka ido, kuma wallahi in na dube shi daɗi nake ji.

Kwana arba'in ba su cika ba hadari ya fara taruwa can arewa bisa duwatsu. Kwana uku yana baƙi, ana hango walƙiya, mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Rana ta huɗu da hantsi sama tas, zafi kamar bakin murhu, Agali ya tsaya bakin shinge. Tun ranar taɓarya bai yi mana magana ba sai ran nan.

"Sallau! Ruwa ya sauka bisa dutse. Janye matarka daga baki."

Maigidana ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. Na taɓe baki na ci gaba da tankaɗe.

Ƙanshin ne ya fara zuwa, ɗanyar laka cikin busasshiyar iska. Sai wani gurnani daga nesa wanda na ɗauka manyan motoci ne. Sai ihun mutane daga garkunan sama, "Telwa! Telwa ta zo!" Na fito na ga bakin ruwan, ja, da kumfa, ya turo itatuwa da ƙaya da mushen jaki a gaba, yana tafe kamar mutum mai sauri. Har na yi guɗa, don haka na ji matan sama na yi.

Kafin a dafa shayi ɗaya ya cika kori baki da baki. A garkar Agali ya daki kurmi, kaba ta kwanta ta taso, ruwa ya goce. Da ya iso gwiwar nan da muka ƙone bai sami kowa ba. Ya shiga ƙarƙashin gaɓa yana ci, ƙasa na tsagewa tana faɗawa, yanki-yanki, kowane ya kai ɗaki. Fangali na farko ya tafi da masararsa a tsaye. Maigidana ya ruga ya jawo gungumen goruba zai tare, ruwa ya fizge shi daga hannunsa kamar tsinke. Ni kuma, maimakon in gudu, na koma bukka ɗauko buhun jar dawa.

Ina fitowa ƙasa ta buɗe a ƙafata. Sanyi, duhu, laka a baki da hanci. Wani icce ya doke ni a kwiɓi. Na ji an damƙi gashina an ja, ashe maigidana ne, ya manna ni jikin itatuwan takarkart, su kaɗai suka rage a tsaye, ruwa na dukanmu har ƙirji. Rijiyar da ke ƙarƙashinsu ta riga ta cike.

Agali na tsaye a kan iyakarsa, inda kabarsa ta riƙe ƙasa, tsakaninmu bai fi taki shida ba. Ba igiya, ba kowa kusa. Sai na ga ya kai hannun hagu ka, yana warware rawani. Gabana, ni mace, baƙuwa, wadda ta karya shi. Ran nan na ga fuskarsa, ashe ba shi da haƙoran gaba, ashe tsoho ne tukuf. Ya cije bakin rawanin guda da turame, ya ƙulla dutse a ɗayan ya wurgo. Maigidana ya cafe, ya ɗaura mini a ƙarƙashin hammata, ya ce, "Riƙe cikin," ya tunkuɗa ni. Agali ya ja da hannu ɗaya da haƙora, ina shan ruwa, har na kama kaba. Ƙayarta ta yayyanka mini tafi, ban saki ba.

Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa. Yatsuna sun mutu, shi hannu ɗaya. Da haƙori ya kwance shi, kuma wannan ɗan jinkirin har yau ina lissafa shi. Ya sake wurgawa, maigidana ya naɗe a wuyan hannu, daidai nan itatuwan takarkart suka tafi. Nauyin namiji da nauyin Telwa duk suka dawo kan hannun hagu na tsoho. Ya kafa dugadugansa cikin saiwa, na rungume ƙafarsa. Rawani na zamewa. Sai ya fizge hannun dama daga rataya, da karare da komai, ya kama da shi.

Na ji ƙarar. Na san ta, ni na fara yin ta.

Rawanin ya zare daga hannunsa ya bi ruwa. Na ga kan maigidana sau biyu, sannan ban ƙara gani ba. Rana na nan sama, tas, ko gajimare babu.

Bayan kwana biyu aka same shi can yamma da gari cikin ƙaya, rawanin na naɗe a hannunsa. Ruwan ya bi ta ɓarakarmu ya cinye garkuna biyu na ƙasa da mu, ya kwashe rabin dabinon Agali ta baya. Duk da haka a gidansa na yi takaba, alkamarsa na ci, matarsa ce ta yanke wa Talle cibiya, ita kuma ta koya mini saƙar tabarmar kaba wadda na ci abinci da ita har yau. Hannun ya ɗoru a karkace, bai ƙara riƙe hauya ba. Ya yi shekara bakwai ya rasu, bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni kuma bakina ya kasa cewa ya yafe mini. Kullum sai in ce gobe. Rawanin na wanke na kai masa, ya ce in ajiye wa yaron.

Na ajiye, amma ban ba yaron ba, don rawani ba ya tafiya sai da labarinsa.

Ranar Juma'ar da ya faɗa na riga Talle fita. Na hau adaidaita har inda hanya ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa ina tambaya, aka nuna mini filinsa. Ga ramukan rabin watansu a jere, ga tulin taki an rufe da kara, aiki mai kyau, ba laifi. Ga kabar a bakin kori, a cunkushe, ba kyan gani. Na zaɓi babban gindi na hau na zauna, ƙaya na sukata, na shimfiɗa rawanin bisa cinya.

Ya iso da gatari a kafaɗa, ya gan ni ya yi turus.

"Inna, mi ya kawo ki? Tashi, akwai macizai."

"Sai ka sare ni tukuna."

Ya yi dariya, ya zaci tsokanar da muka saba ce. "Madam ta ɗauke ki aiki ke nan? Nawa take biyanki?"

Na naɗe mayafi na miƙa masa hannun dama, na ɗora yatsa ƙasa da gwiwa kaɗan.

"Nan ake bugu. Bugu ɗaya ya isa, na gwada."

Dariyar ta ɗauke. Na faɗa masa duka, a jere, ban rage ba: igiyar awo, abin da na ce wa ubansa, taɓarya, buhun jar dawar da na koma ɗauka, ƙarar nan ta biyu. Na ce ruwa ya ci ubanka, gaskiya ne, amma ni na buɗe wa ruwan ƙofa, ni kuma na karya hannun da zai fiddo shi. Na miƙa masa rawanin.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya karɓa, ya shinshina, ya tura cikin riga. Ya saki gatarin nan inda yake tsaye, ya juya ya bi yashin kori da ƙafa, bai waiwayo ba. Ni na ɗauko gatarin na mayar wa mai shi.

Yau kwana tara ke nan. Yana zuwa horonsa, yana dawowa da la'asar, amma kayen ba ya buɗuwa gabana. In na ajiye masa tuwo ya ci yana kallon bango. Bai ƙara ce mini Inna ba. Jiya Telwa ta zo ta huɗu, na aika a dubo mini. Kabar tana nan.